Habila Mai Banda da Akwatin Roƙo

A Haɗeja hanci ne yake fara sanar da zuwan Habila mai banda, ido sai daga baya. Shekara arba'in da 'yan kai yana tsugune a gaban hayaƙin kifi, har warin ya wuce tufafinsa ya shige cikin fata, sabulu ya yi iya ƙoƙarinsa ya haƙura. Marigayiya matarsa Lidiya ta taɓa jiƙa babbar rigarsa ta zuwa coci kwana uku a ruwan omo da lemon tsami, da ta shanya sai ga kuliyoyin unguwa sun jeru a ƙarƙashin igiya suna jira. Shi dai bai taɓa jin warin nan ba. In aka yi masa magana sai ya shinshina hannun rigarsa, ya ce sharri ne kawai irin na mutane.

An haife shi a Malam Madori, daf da tashar jirgin ƙasa, inda ubansa yake leburan gyaran layin dogo, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun Kiristocin wajen. Gadon da tsohon ya bar masa biyu ne: Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, da kuma karatu irin na sa yatsa a ƙarƙashin kowace kalma ana furta ta a fili. Har ya tsufa Habila bai iya karatu a zuci ba. Ko rubutun bayan mota ya gani sai ya karanta wa duk wanda ke kusa, ko ana so ko ba a so. Da jirgi ya fara wasa da zuwa, tasha ta yi sanyi, sai ya sauko Haɗeja yana ɗan shekara sha tara, ya faɗa hannun wani masunci da ya koya masa banda tare da ɗan masuncin, Ya'u. Tun daga nan shi da Ya'u ba su rabu ba. Ya'u ne yake kawo tarwaɗa da karfasa daga fadamun Kirikasamma, Habila ya gyara, ya lanƙwasa, ya jera a kan waya. Ranar Juma'a Habila yake tsare wa Ya'u kaya ya je masallaci, ranar Lahadi Ya'u ya duba masa wuta. Kullum suna cikin musu a kan wanda ya fi wani iya zaɓen kifi, amma ba su taɓa musun addini ba, don kowannensu ya daɗe da yanke cewa taurin kan ɗan'uwansa ba ya gyaruwa.

Cocinsu ƙarami ne, ginin bulo da rufin kwano a bayan gari, in an cika a samu mutum sittin har da jarirai. Ba a taɓa zaɓen Habila dattijon ikilisiya ba, shi ma bai nema ba. Amma shi yake share ɗakin sujada ranar Asabar, shi yake toshe yoyo da damina, shi kuma yake dukan tsohon wilin tirela da aka rataye a bishiyar maina a madadin ƙararrawa. In aka zo lokacin shaida, inda mutum yake tashi ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa, kowa ya san ta Habila tun kafin ya miƙe. Da rani ya ce, “Na kwanta, na tashi, yabo ga Ubangiji.” Da damina, in kogi ya cika ya malalo gari, ya ce, “Ruwa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, yabo ga Ubangiji.” Shekarar da ruwan bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya cinye masa katanga da ɗaki guda, sai ya tashi ya ce ruwa ya shigo amma ya bar musu ɗayan ɗakin. Matasa suna kiran wannan shaidar talakawa, suna ƙunshe dariya a bayan littattafan waƙa.

Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Kowannensu yana da waya a hannu, a cikin wayar kuwa akwai manyan majami'u na Legas da Abuja, inda saurayi yake hawa dandamali yana kaɗa mukullin mota yana kuka, ya ce ranar Talata ya yi addu'a, ranar Alhamis aka kira shi. Wata ta ce ta kwanta ko fasfo ba ta da shi, ta farka da biza. Wanda ya wuni yana kallon irin wannan, ina zai ji daɗin labarin ruwan da ya tsaya a bakin ƙofa? Matasan cocin ne suka matsa wa sabon fastonsu, Fasto Sila, wanda shi kansa bai fi shekara talatin ba, har ya yarda aka kawo akwatin roƙo. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Kowa ya rubuta abin da yake nema, ya ninke, ya jefa ta kafar akwatin. Ƙarshen wata Fasto ya ɗora hannu ya yi addu'a, sannan a ba Habila takardun ya ƙone, ba tare da wani ɗan Adam ya karanta ba.

Habila kuwa mutum ne da ba ya son asarar wuta. Me zai sa ya hura wata daban, alhali ga tasa tana ci kullum a rumfar banda? Sai ya riƙa ƙunso takardun a aljihu yana zubawa a ƙarƙashin kifi. Wata biyu cur roƙe-roƙen matasan ikilisiya suna tashi sama tare da hayaƙin tarwaɗa, ba wanda ya sani. A ƙarshen wata na uku, da hantsi, zafin wuta ya buɗe wata takarda a gabansa kafin ta kama. Idonsa ya faɗa kan rubutun, bakinsa kuma ya yi abin da ya saba.

“Ya Uba, ka ba ni jif baƙa mai baƙin gilashi,” ya karanta da ƙarfi.

Ya'u da yake sauke kwandon kifi ya waigo. “Kai da ko keke ba ka iya ba?”

“Ba ni ba ne, Barnabas ne, ga sunansa a ƙasa. Ka ji sauran. In jif za ta ɗau lokaci, a fara da takalmin ƙwallo, lamba arba'in da huɗu.”

Barnabas shi ne shugaban zumuntar matasa, mai cajin waya a bakin tasha, wanda ba a taɓa ganinsa ya kai ƙarshen wa'azi ido biyu ba. Ya'u ya yi dariya har sai da ya zauna a kan kwando. Da Habila ya tsaya a nan da shi ke nan, amma ina. Sauran takardun suna aljihunsa, yatsansa kuma ya riga ya soma ƙaiƙayi. Ya zaro su ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana son Kanada, bai ma iya rubuta sunan ƙasar daidai ba. Waccan tana son likita ya aure ta kafin Kirsimeti, sannan a ƙasa ta ƙara takalmin fita, don nata ya tsinke. Wani ya roƙi gidan sama a Abuja, ya zana hoton gidan a gefe don kada a yi kuskure.

“Mu a zamaninmu ruwa muke roƙo,” in ji Habila yana girgiza kai. “In ya yi yawa mu roƙa a tsayar. Shi ke nan fa.”

Takarda ta kusa da ƙarshe ce ta tsayar da dariyar. Tun kafin ya gama buɗewa ya gane rubutun, don shi ya riƙe hannun da ya fara koyonsa. Damaris ce, autarsa, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa shi ya sa yake kiranta Uwata. Shekararta ashirin da shida, ta gama difloma shekara uku da suka wuce, tun lokacin tana gida tana ƙulla zoɓo. A ƙungiyar mawaƙa tana tsayawa daidai inda uwarta Lidiya take tsayawa, ta biyu daga taga. Habila bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma wurin nan yake fara duba duk Lahadi, in ya gan ta a tsaye sai ya ji mako ya yi kyau tun kafin ya fara.

Ya sa yatsa ya soma. “Ya Ubangiji, shekara uku ke nan ina roƙon aikin ofis a Abuja, mai na'urar sanyi, da miji dogo mai gemu wanda ba ya warin kifi.” Ya'u ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskar abokinsa, ya rufe. Habila ya ci gaba, murya tana raguwa. “Sa'o'ina da nake gani a waya duk sun samu. Na yi azumi, na yi waƙa har muryata ta dushe. Na ba ka daga yau zuwa ranar godiyar kaka. Ko alama ce ka nuna mini, ko da akwatin tafiya ne mai taya, in san zan tafi.”

Layin ƙarshe kuwa, a karon farko a rayuwarsa, Habila ya karanta shi ba tare da leɓensa ya motsa ba. Ta ce in ranar ta wuce ba ta ga komai ba, za ta san babu mai karanta takardun nan, kuma ba za ta ƙara taka coci ba.

Tsoro ya kama shi, irin wanda ambaliya ba ta taɓa ba shi ba. Ba zai iya yi mata faɗa ba, don bai kamata ya sani ba. Ba zai iya kai wa Fasto ba, don tambayar farko ita ce ta yaya ya sani. Godiyar kaka kuwa a watan Nuwamba take, saura wata uku ba cikakku ba. Ya wuni yana juya kifi yana juya magana, da la'asar ta yi ya kira Ya'u gefe ya faɗa masa dabarar da ya ƙulla. Ba zai fara da Damaris ba, yarinyar tana da wayo. Zai fara da ƙananan roƙe-roƙen sauran, waɗanda ƙarfin mai banda zai iya, don ta ga akwatin yana aiki ta ƙara haƙuri.

Ya'u ya dube shi sama da ƙasa. “Habila, ni ban san littafinku ba. Amma na san da mu da ku Mai amsa addu'a ɗaya ne, kuma ban taɓa jin ya nemi ɗan kwangila ba.”

“Ni ba amsawa zan yi ba. Riƙe wuri kawai zan yi kafin amsar ta iso.”

“To Allah ya shirye ka. Lamba nawa ka ce takalmin?”

Kwalin karfasa guda Habila ya ba wani mai gwanjo ya karɓo takalmin ƙwallo da na fita. Ya samo wa wani gilashin waya, wata kuma jakar hannu. Kayan suka yi 'yan kwanaki a rumfar banda, sannan wani surukin Ya'u mai adaidaita sahu ya bi gida-gida, ya miƙa ya ce an ce a ba ka, ya ja mashin ɗinsa kafin a yi tambaya.

Lahadin da ta biyo baya sai da rufin kwanon cocin ya amsa. Barnabas ya fito da takalmi rataye a wuya, ya ce kwana tara kacal, jama'a, kwana tara! Ya ce in takalmi ya zo a kwana tara, to jif ba za ta wuce Kirsimeti ba. Washegari ya sare zogalen ubansa da ke ƙofar gida don a samu wurin ajiye mota. Habila yana bayan coci yana murmushi a cikin gemu, yana ganin dabara ta ci.

Ta ci, amma ba ta inda ya nufa ba. Kafin ƙarshen Satumba akwatin ya cika ya batse, har sai da kafinta ya ƙera babba. Da Habila ya zauna karatun wata, don yanzu ya mai da abin aiki, sai ya tarar babu sauran mai neman takalmi. Wanda ya nemi keke a da ya koma mota, mai neman mota ya ƙara da direba. Wani saurayi ya ƙi bin ubansa gona korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafa, ya ce mai jiran biza ba ya wuni yana kaɗa gwangwani. Shi kansa Fasto Sila, mutumin kirki mai tsoron Allah, an fara ganinsa yana duban tafin hannunsa na dama da wani irin girmamawa, addu'ar ƙarshen wata kuma ta ƙaru da rabin awa. Habila ya juye takardun duka bai samu ko ɗaya da kwalin kifi zai iya ba. Da Oktoba ya wuce shiru, sai fuskoki suka ɗaure, samari biyu suka daina zuwa, suka ce an fara kuma an fasa.

Wadda aka yi domin ta kuwa abin ƙara lalata ta ya yi. Wata rana suna cin tuwo a tsakar gida ta ajiye cokalin miya ta ce, “Baba, ashe dai ana amsawa. Ni ce ba a so.”

“Haba Uwata, wa ya faɗa miki?”

“Barnabas da yake minshari a lokacin wa'azi an ba shi takalmi a kwana tara. Ni shekara uku ina gaba-gaba, ko tsinke.”

Habila ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya sha ruwa. A coci muryarta ta ragu, baki kawai take motsawa. Ya ga babu makawa sai akwatin tafiya, abin da yake ta kaucewa tun farko, don ya san ma'anarsa. Mutum ba ya sayen akwati mai taya don 'yarsa ta zauna kusa da shi. Duk da haka ya ware kwali biyu na tarwaɗa mafi kyau, wadda ya tanada don motar da take kai kifi kudu, ya kai wa wani mai shago a kasuwa, ya tsaya yana jan akwatuna a kan tsakuwa ɗaya bayan ɗaya har mai shagon ya gaji. Ya zaɓi ja, babba.

Saura mako biyu godiyar kaka, ina zai ɓoye? Gida dai Damaris ce mai shara. Sai ya ɗora shi a saman rumfar banda, can kusa da rufi, daidai inda hayaƙi yake taruwa kafin ya sami hanyar fita. Kullum da safe ya sauko da shi, ya zuge, ya bar shi a buɗe ya sha iska don kada ɓera ya yi gida a ciki. Ya tambayi Ya'u ko yana jin wani abu, Ya'u ya cusa kai cikin akwatin ya ja numfashi ya ce ƙamshin sabon abu kawai yake ji. Ba wanda ya tuna cewa hancin Ya'u ya mutu shekara ɗaya da na Habila. Ranar Asabar Habila ya naɗe akwatin da leda ninki uku, ya ɗaure tam, mai adaidaita ya kai. Damaris ta durƙusa a ƙofar gida tana kuka, ta yi alkawari ba za ta kwance ledar ba sai a gaban ikilisiya.

Ranar godiyar kaka coci ya cika har waje. Gaban bagade an tara dammunan gero, buhunan shinkafa, kabewa, rake, da kaji ɗaure da ƙafa suna tsoma baki a cikin waƙa. Da aka zo shaida Damaris ta jawo kayanta gaba. Ta ce ita mai zunubi ce, ta sa wa Ubangiji wa'adi, ta ce babu mai karanta takardun nan. Ta share hawaye ta ce, “Ku gafarta mini, 'yan'uwa. Akwai mai karantawa.” Jama'a suka ɗauki halleluya. Habila yana bencin baya, daɗi da fargaba suna kokawa a cikinsa. Ta yage leda, ta kwantar da akwatin, ta ja zif.

Hayaƙin mako biyu da aka kulle ya fito gaba ɗaya. Ya bugi Fasto da yake kusa har sai da ya ja da baya, ya bi layin mawaƙa, ya ratsa bencin mata, ya isa ƙofa. Halleluya ta mutu a bakin mutane. A cikin shirun sai wata tsohuwa, Mama Tabita, wadda kunnenta ya yi nauyi amma hancinta lafiya lau, ta ce da ƙarfi, “Wannan ai tarwaɗa ce. Mai kyau kuwa.”

Barnabas ya miƙe zumbur. “Shi ya sa! Takalmina tun da ya zo kuliyoyi ba su bar ƙofar ɗakina ba!”

Mai jakar hannu ta ɗaga jakarta ta shinshina. Mai takalmin fita ta dubi ƙafarta. Sannan kawuna suka fara juyawa, layi bayan layi, daga gaba zuwa baya, har idon mutum sittin da baƙi ya taru a kan mutum ɗaya. A garin nan kaf babu wanda bai san mai wannan warin ba sai mai shi.

Habila ya miƙe. Shekara talatin yana ba da shaida iri ɗaya, ran nan ta canza. “Ni ne,” ya ce. “Na karanta takardunku, waɗanda aka ce in ƙone. Na sayi abin da na iya. Na yi laifi.” Ya rasa yadda ake rufewa, sai bakinsa ya ƙarasa da abin da ya saba, “Yabo ga Ubangiji.” Ba wanda ya amsa.

“Baba,” in ji Barnabas da ƙaramar murya, “to jif ɗin fa?”

“Ɗana, jif ta fi ƙarfin karfasa.”

Tsofaffi suka fashe da dariya, har da masu share hawaye. Fasto Sila ya dubi tafin hannunsa sau ɗaya, ya sa shi a aljihu. Damaris ba ta yi dariya ba. Ta ja zif ta rufe akwatin, ta miƙar da shi, ta bi tsakiyar coci ta fice ba ta dubi ubanta ba. Habila ya tsaya yana jin ƙarar tayoyin a kan tsakuwa har ta ɓace.

A makon nan aka ɗauke akwatin roƙo aka kai ɗakin ajiya. Fasto ya yi wa'azi a kan haƙuri, ya fara da kansa, abin da ya ƙara masa daraja a wurin manya. Barnabas ya yi fushin kwana goma, ya dawo da takalminsa a ƙafa, don dai ya yi masa daidai, ubansa kuma ya sa shi dasa sabon zogale. Amma Lahadi biyu wuri na biyu daga taga babu kowa. A gida Damaris tana dafa abinci, ta ajiye masa, ta ce ina kwana, ta ce sannu da zuwa, iyakarta ke nan. Habila yana dukan wilin tirela yana leƙen hanya, har ya zarce adadin da ya saba bai sani ba. Baƙin ciki ya ishe shi, ga kunya, ga shi kuma babu wanda zai ɗora wa laifi.

Ranar wata Laraba da hantsi sai ga ta a rumfar banda, wurin da rabonta da shi tun tana sakandare. Ya'u ya gan ta, ya tuna yana da aiki a can gefen kwanduna. Ta tsaya ta inda iska ba ta kawo hayaƙi.

“Baba, duka ka karanta?”

“Duka, Uwata.”

“Har da maganar mai gemu?”

“Har da wanda ba ya warin kifi.”

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Can ta ce, “To ka ga ni ce da gaskiya. Ba Ubangiji ne ya amsa ba, kai ne.”

Habila ya juya wata tarwaɗa da ba ta bukatar juyi. “Wannan ban sani ba, Uwata, ya fi ƙarfin karatuna. Abin da na sani, ke kin ba Ubangiji har Nuwamba. Ni da nake dukan ƙarfe shekara talatin ina kiran mutane su zo wurinsa, ko wuni ɗaya ban iya jiransa ba. Tsoro na ji kada ya yi shiru in rasa ki. In akwai wanda bangaskiyarsa ta gaza a gidanmu, ba ke ba ce.”

“Amma ka san da abin ya tabbata, tafiya zan yi in bar ka kai kaɗai.”

“Na sani. Shi ya sa na zaɓi mai tayoyi masu ƙarfi.”

Ta yi wani sauti da ba a rabe dariya ne ko kuka ba, ta goge ido da gyale ta ce hayaƙi ne. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar takarda ninki huɗu, ta miƙa masa.

“An ɗauke akwati, ban san inda zan jefa ba. Ka ƙone mini.”

“Ta wace ce?”

“Tawa ce, amma ba kai na rubuta wa ba.” Ta juya za ta tafi, ta ƙara da cewa, “Kuma in kana dukan ƙarfen nan ka daina leƙen hanya, Baba. Mutane suna gani.”

Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Takardar tana tafin hannunsa, ba nauyi, ana ma hango inuwar tawada ta bayanta. Yatsansa ya soma ƙaiƙayi. Wani sabon wa'adi ne? Abuja ce har yanzu? Ninki ɗaya kawai zai buɗe ya sani. Ya tsuguna, ya cusa ta cikin garwashi, da yake kuma ya san zafi yana buɗe takarda, sai ya miƙe ya juya wa wutar baya.

Yana nan tsaye Ya'u ya ƙwalo masa kira daga wajen kwanduna. “Habila! Layin ƙasa yana ƙonewa! Kai, kifinka!”

Shekara arba'in da 'yan kai bai taɓa ƙona kifi ba. Ya ji kitsen yana tartsatsi a bayansa, ya runtse ido, ya bar shi ya ƙone, bai waiwaya ba.